Barikin 'yan sanda na zamanin Turawa: me ya sa aka gina shi haka, kuma yaya na Hong Kong ya koma shaguna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, nakan je sarin kaya ƙasar Sin. A tafiyata ta baya na biya ta Hong Kong, sai abokin hulɗata ya kai ni wani wuri da ake kira PMQ, benaye biyu cike da ƙananan shagunan masu ɗinki da masu zane da masu kayan ado. Ya ce mini wai a da gidajen 'yan sanda ne na zamanin Turawa. Ni kuwa a bariki aka haife ni, mahaifina saje ne har ya yi ritaya, kuma da na ga jerin ɗakunan da doguwar barandar sai na ga kamar namu ne aka ɗora wani kan wani. Me ya kawo wannan kama? Yaya aka yi bariki ya zama wurin yawon buɗe ido? Kuma mu ma za mu iya yin haka da namu da ke ta lalacewa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri kan hidimar da ya yi. Idonka bai yaudare ka ba, domin uwa ɗaya ta haifi barikokin biyu.

A ƙarni na 19 Birtaniya tana da 'yan sanda iri biyu. Akwai na birnin Landan da aka kafa a 1829, waɗanda ba sa yawo da bindiga, kuma ana so jama'a su ɗauke su tamkar nasu. Akwai kuma na Ailan, ƙasar da Ingila ke mulka a lokacin: suna riƙe da makami, suna kwana a bariki, ba a barin mutum ya yi aiki a gundumar da aka haife shi, kuma sai ya shekara bakwai a bakin aiki kafin a ba shi izinin aure. Da aka zo kafa 'yan sanda a ƙasashen da aka mamaye, tsarin Ailan ne ya fi tasiri, don abin da ake nema shi ne rundunar da za ta tsare mulki, ba wadda za ta saba da mutanen gari ba.

Daga nan komai ya biyo. In kana son ɗan sanda kada ya ji nauyin wanda aka tura shi ya kama, to ka ɗauko shi daga nesa. Turawa sun kama tsibirin Hong Kong a 1841, suka kafa rundunar 'yan sanda a 1844, suka riƙa cika ta da baƙi. Daga baya har harafi aka riƙa sa wa kowane jinsi a gaban lambarsa: A na Turawa, B na Indiyawa (mabiya addinin Sikh da Musulmin Punjab), C na mutanen yankin masu harshen Kantonis, D na 'yan lardin Shandong da ke can arewacin Sin, waɗanda ko harshen garin ba sa ji, E kuma na Rashawa da aka ɗauka don yaƙi da 'yan fashin teku. Wannan dabara ba baƙuwarmu ba ce. A Legas, a farkon shekarun 1860, Kyaftin Glover, wani hafsan Birtaniya, ya tara Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya yi rundunar tsaro da su a tsakiyar Yarabawa, sannan aka kwashe su zuwa yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 a ƙasar da yau take Gana. To baƙo ba shi da gida a gari, ba shi da dangin da za su sauke shi. Dole hukuma ta ba shi makwanci, kuma ta fi son makwancin ya kasance inda bigila ɗaya za ta tashe shi.

Da ka gangara kaɗan daga PMQ a kan titin Hollywood, da ka ga kakan wannan gini. Wurin yanzu sunansa Tai Kwun, shi ne tsohon babban ofishin 'yan sanda, kuma a cikin katanga ɗaya yake da kotun majistare da gidan yarin Victoria. A kama mutum, a yi masa shari'a, a ɗaure shi, duk bai taka titi ba. Barikin da ke ciki an gama shi a 1864 da hawa uku, aka ƙara na huɗu a 1905. Bango ne mai kauri na jan bulo, matakala ta sassaƙaƙƙen dutse, rufi na katako da aka jera wa tayil irin na Sinawa, da faffaɗar baranda a kowane hawa tana kallon filin fareti.

Barandar nan ita ce zuciyar ginin, kuma ba don ado aka yi ta ba. A 1843 zazzaɓi ya yi wa sojojin Birtaniya mummunar ɓarna a tsibirin. A lokacin ba a san sauro ne ke kawo shi ba, ana zaton gurɓatacciyar iska ce da ke tasowa daga ƙasa. Saboda haka magina suka riƙa ɗaga silin sama sosai, su yi tagogi masu kallon juna don iska ta ratsa, su kai wurin kwana hawan sama, su sa baranda ta tare rana da ruwan sama kafin su taɓa bangon ɗaki. Ganewar cutar kuskure ce, amma ginin ya yi sanyi ba tare da na'ura ba, har yau. Ga kuma amfani na biyu da ba a cika faɗa ba: saje ɗaya in ya tsaya a tsakiyar filin fareti, yana ganin kowace ƙofa. Ba wanda zai fita ko ya shigo da baƙo a ɓoye.

Sai batun matsayi, wanda ɗan bariki kamarka ya san shi tun yana rarrafe. A Tai Kwun akwai ginin sufetoci masu aure daban, na sufetoci marasa aure daban, na saje-saje masu aure daban, sannan kurata a manyan ɗakunan kwana na haɗaka, da ginin wanka da bahaya shi ma a gefe. Da yake manyan muƙamai na Turawa ne, rabon ɗaki bisa muƙami ya zama rabo bisa launin fata ba tare da an rubuta hakan a ƙofa ba. Faɗin ɗakinka, nisanka da makewayi, da ko matarka za ta iya kwana a cikin katangar, duk igiyar da ke hannun rigarka ce ke yankewa. (Tun da ka saba zuwa, masallacin Jamia na titin Shelley yana nan kusa, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa. Ginin da ke tsaye na 1915 ne, kuma Musulmin Indiya da suka zo a zamanin Turawa su ne tushen jama'arsa.)

Shi kuwa PMQ ɗan baya ne, na 1951, kuma abin da ya bambanta shi yana cikin cikakken sunansa, Police Married Quarters, wato gidajen 'yan sanda masu aure. Shi ne na farko da aka gina wa ƙananan 'yan sanda 'yan ƙasa su zauna da iyalinsu. Dalili kuwa matsi ne. Lokacin da Japan ta fita a 1945, mutanen Hong Kong ba su wuce dubu 600 ba. Yaƙin basasar Sin da nasarar 'yan Kwaminis a 1949 suka koro jama'a, kafin 1951 an haura miliyan biyu. Mutane suka cika gangaren duwatsu da bukkokin katako da kwano. Indiya ta samu 'yanci a 1947, tsohuwar hanyar ɗaukar ma'aikata ta canza, rundunar ta koma dogaro da Sinawa. Kurtu mai ƙaramin albashi da mata da 'ya'ya, in ba a ba shi ɗaki ba, a cikin waɗancan bukkoki zai kwana, maƙwabcinsa kuma wataƙila shi ne wanda za a aike shi kamawa gobe. Ɗakin kyauta ko na haya mai sauƙi ya zama abin jan hankalin masu shiga aikin, ya kuma zama linzami, domin wanda aka kora daga aiki ya rasa gida a rana ɗaya.

Ginin ya sha bamban da na 1864 a fuska. Babu ginshiƙan ado, babu baka, kankare ne da ƙarfe, miƙaƙƙun layuka, farin fenti, irin salon da ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ke yi a ko'ina bayan yaƙi don sauri da araha. Benaye biyu ne masu kallon juna, kowanne bai gaza hawa bakwai ba, da tsakar gida a tsakaninsu. An yi ɗakuna 140 masu ciki ɗaya da 28 masu ciki biyu. Amma ka tuɓe masa fuskar, tsarin na da ne: ɗakuna iri ɗaya a jere, doguwar baranda ita ce hanya, a bakinta ake girki, banɗaki na haɗaka. Kusan gidan hayar nan ne namu mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya, sai dai an miƙe shi sama saboda ƙarancin fili. Iyali mai 'ya'ya biyar ko shida a ciki ɗaya, gadaje masu hawa biyu, labule a madadin bango. Duk da haka a Hong Kong ta wancan lokaci gata ne. Shekara biyu bayan buɗe shi, a daren Kirsimeti na 1953, gobara ta cinye unguwar bukkoki ta Shek Kip Mei, mutum kusan dubu 53 suka wayi gari ba matsuguni, kuma gidajen da gwamnati ta yi musu da gaggawa sun fi waɗannan ƙunci nesa ba kusa ba.

Cikin yaran da suka yi wasa a tsakar gidan nan, biyu sun shugabanci Hong Kong bayan ta koma hannun Sin a 1997. Donald Tsang ya riƙe daga 2005 zuwa 2012, Leung Chun-ying ya gaje shi zuwa 2017, dukansu 'ya'yan 'yan sanda ne, kuma mahaifin Leung daga Shandong ya zo, wato ɗan rukunin D ɗin can. Ƙanin Tsang ma ya zama kwamishinan 'yan sandan birnin. Ka riƙe wannan, zai yi amfani.

An kwashe mazauna a shekarar 2000, ginin ya zauna a rufe. Wurin yana tsakiyar unguwa mafi tsadar fili, kuma gwamnatin Hong Kong tana samun kuɗi mai yawa daga sayar da filaye, don haka aka sa shi a jerin waɗanda za a yi gwanjonsu, mai saye ya rushe ya kafa dogon bene. Abin da ya fara tsayar da cinikin ba barikin ba ne, abin da ke ƙarƙashinsa ne. A nan ne makarantar gwamnati ta farko mai koyar da boko, wadda aka kafa a 1862, ta gina babban mazauninta a 1889, ita ce daga baya aka sa wa suna Queen's College. Sun Yat-sen, jagoran juyin da ya kawar da sarautar Sin, ya yi karatu a makarantar tun tana tsohon mazauninta. Ginin ya lalace a zamanin mamayar Japan, aka rushe shi a 1948, aka ɗora bariki a kai. Mazauna unguwar suka matsa lamba a duba, masu binciken kayan tarihi suka haƙa tsakanin 2005 da 2007, suka tarar da harsashin makarantar yana nan, ga katangun dutse da matakala da ba su taɓa gushewa ba.

Lokacin ma ya taimaka. A ƙarshen 2006 gwamnati ta rushe tsohuwar tashar jirgin ruwa ta Star Ferry duk da zanga-zangar matasa, a 2007 aka sake kai ruwa rana kan wata tashar da ke kusa da ita. Jama'a suka fara tambayar me zai rage na birnin da suka tashi a ciki. A 2007 aka cire filin daga jerin gwanjo, a 2009 aka sa shi cikin wurare takwas na tsakiyar birni da za a adana. Wanda ke kan kujera a duk wannan lokaci shi ne Tsang, ɗan gidan. Ba na cewa don kansa ya yi, amma gini ya yi sa'a in mai sa hannu ya san ƙamshin barandarsa. A 2010 aka ba shi daraja ta uku, mafi ƙanƙanta a ma'aunin gine-ginen tarihi na birnin, wadda ba ta hana rushewa a doka. Wata gidauniya ta 'yan kasuwa mai suna Musketeers ta ba da dalar Hong Kong miliyan 100, ta haɗa kai da cibiyoyin koyar da zane, gwamnati ta ɗauki aikin gyaran gini, aka buɗe a 2014 lokacin Leung na mulki.

A nan ne abin da ya fi burge ni a matsayina na mai nazarin gini yake. Duk abin da aka tsara don takura ɗan sanda shi ne ya dace da ƙaramin mai sana'a. Ɗaki ƙarami, hayarsa ba za ta kashe mai farawa ba. Ɗakunan iri ɗaya ne, ba rigimar wa ya fi wa. Kowace ƙofa tana buɗewa kan baranda, mai saye yana tafe yana leƙe. Tsakar gidan da ake sa ido daga cikinta ta zama filin baje koli, aka yi mata rumfar gilashi, aka haɗa benayen biyu da wani zaure a sama mai lambu a kansa, aka buɗe hanya ta ƙasa don a ga harsashin makarantar. Kusan ɗakunan sana'a ɗari suka samu ba tare da an karya ƙashin ginin ba.

Amma kada ƙyalƙyalin ya rufe maka ido. A ganina an adana kwanon an zubar da tuwon. Mutum zai zagaye PMQ ya sayi jaka ya sha shayi, ya fita bai san yadda mata suka yi layin banɗaki da asuba ba, ko yadda yara shida suka yi karatu a kan gado. Masu shagunan sama sun sha kokawa kan ƙarancin masu saye, manyan kamfanoni kuma sun samu wurare masu kyau a ƙasa. Kuma a birnin da talaka ke jiran gidan gwamnati shekara da shekaru, gidan da aka gina don iyali ya zama komai ban da gidan iyali. Wannan ita ce makomar kusan duk barikin da ya tsira: yana tsira ne ta hanyar daina zama gida.

Tai Kwun ya bi irin wannan hanya da kuɗi mai yawan gaske. An ayyana shi abin tarihi da doka ta kare a 1995, gidan yarin ya rufe a 2006, aka buɗe shi ga jama'a a 2018 da gidajen kallo da na cin abinci, bayan an kashe kusan dalar Hong Kong biliyan 3.8. Ƙungiyar sukuwar dawaki ta birnin ce ta biya, ita kuwa daga caca take samun kuɗinta, abin da ba zai karɓu a wurinmu ba. Darasin da ya fi shafarmu a can shi ne na ranar 29 ga Mayun 2016, lokacin da wani ɓangare na gidan sufetoci masu aure, ginin shekarun 1860, ya rufta ana tsakiyar gyara. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Bincike ya nuna an rarake ramuka da yawa a jikin tsofaffin ginshiƙan bulo don a cusa ƙarafan ƙarfafa daɓen katako, bulon kuwa ya riga ya gaji. Ginin da ya tsallake shekara 150 da yaƙin duniya, masu ceto ne suka kayar da shi, kuma ƙwararru ne na gaske.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Tsohon ofishin 'yan sanda na Stanley, na 1859, ya taɓa zama kantin sayar da kayan masarufi. Na ƙauyen masunta na Tai O, na 1902, ya koma otal mai ɗaki tara a 2012. Hedikwatar 'yan sandan ruwa ta 1884 an damƙa ta ga kamfanin gine-gine, ya sare tudun da take kai ya zuba shagunan kayan alatu, kuma ita masana suka fi kawowa a matsayin misalin yadda ba a so a yi.

To mu fa? Akwai bambancin da ya kamata a fara da shi. Hong Kong ba ta kori iyalan 'yan sanda don ta buɗe shaguna ba, har yau tana ba masu aure gidaje a wasu wuraren, shi wannan ya riga ya zama kango kafin a yi tunanin sabon amfani. Namu cike suke maƙil, sau da yawa da mutane fiye da waɗanda aka gina dominsu. A 2023 an sanar da shirin rushe barikoki 25 a Legas a sake gina su saboda lalacewa, kuma tambayar farko da mazauna suka yi ita ce ina za su koma. Wanda ya zo wa matar kofur da zancen gidan kallo alhali rufinta na yoyo, bai san inda ke mata ciwo ba. Yawancin barikokinmu abin da suke bukata shi ne kwano, ruwa, magudana da makewayi, su ci gaba da aikin da aka gina su dominsa.

Sannan ba kowane tsohon bariki ne na tarihi ba. A Arewa, zaman lafiyar gari a zamanin Turawa ya fi rataya a wuyan dogarai da 'yan dokan En'e, 'yan sandan gwamnati kuwa, waɗanda aka haɗe na Kudu da na Arewa a 1930, sun fi yawa a wuraren da Turawa da baƙi da jirgin ƙasa suke. Layukan farko da yawa na ƙasa da ciyawa ne, sun tafi tuntuni, abin da ake gani yau galibi na bulo da kwano ne na baya-baya. Cikin waɗannan, layi ɗaya ko biyu da tsohon caji ofis da filin fareti sun isa a ware a gari guda, in har an samar wa mazauna madadin da ya fi. Mun san ana iyawa, tun da Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna, yana nan ana shiga ana kallo. Jerin ɗakuna masu baranda kuwa zai karɓi teloli da dukawa da masu gyaran waya ba tare da an fasa bango ko ɗaya ba, da sharaɗin a tsayar da wanda zai karɓi haya ya kuma gyara rufi kowace shekara kafin damina, tun ranar da aka buɗe.

In akwai wanda kake ganin ya cancanta, fara da abin da ba ya cin kuɗi: a ɗauki hotunansa ciki da waje da izinin hukuma, a auna ɗakunan, a naɗi muryar tsofaffin da suka zauna a ciki, a nemi shekarar gininsa a gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Da wannan za a tunkari Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ko hukumar tarihi da al'adu ta jiharku. In an zo gyara kuma, kada a yarda birkila ya shafe bangon ƙasa ko tsohon bulo da siminti mai ƙarfi, domin yana kulle danshi a ciki ne, bango ya ruɓe a ɓoye har ranar da zai zube gaba ɗaya.